ƘARFIN MASARA DAGA IRI YAKE FARAWA

Ya ku 'yan'uwa manoman ƙasar Guri da kewaye, wannan takarda an shirya ta ne domin ta bayyana muku abin da ke cikin ƙwayar masara wanda ke taimaka wa shuka ta jure fari da zafi da kwanciyar ruwa, da kuma yadda manomi zai kiyaye wannan abu kada ya lalata shi da hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

MATSALAR DA MUKE CIKI

Manomin Guri yana tsakanin abu biyu. A tudu ruwan sama kaɗan ne, bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba yake sauka. Yakan ɗauke sati biyu ko uku bayan an yi shuka. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A fadama kuwa ruwa ne ke yin yawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sake. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, sai ruwan ya riƙa bi ta gonaki. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye amfanin gona mai yawa a ƙasar Haɗejiya. Ga kuma zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40.

Masara ba ta da haƙurin gero, ba ta da haƙurin dawa. Da can a bayan gida ake shuka ta, inda akwai taki da danshi. Daga shekarun 1970 ne, da zuwan takin zamani da sababbin iri, ta fita ta shiga manyan gonaki a arewa. Yau daga Kadira zuwa Abunabo, daga Adiyani zuwa Musari, ana noma ta damina da rani.

Kowa ya sha ganin wannan: maƙwabta biyu su yi shuka rana ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka musu, ƙasarsu iri ɗaya. Gonar wannan ta tsiro cif, ta wancan ta fito da giɓi ko'ina, abin da ya tsiro ma ya fito a raunane. Sau da yawa bambancin yana cikin irin da kowannensu ya zuba a rami.

ME KE CIKIN ƘWAYAR MASARA?

Ka ɗauki ƙwaya ɗaya, ka jiƙa ta kwana guda, ka tsaga ta da reza. Za ka ga kashi uku:

1. Ɓawo. Shi ne rigar ƙwaya, shi ne ke zama dusa in an yi surfe. Yana tare ƙwari da funfuna.

2. Gari. Shi ne mafi yawa, ya fi kashi 80 cikin ɗari na nauyin ƙwaya. Shi muke ci a tuwo da koko. Ga shuka kuwa, guzuri ne.

3. Ido. Shi ne ɗan wurin nan mai laushi da maiƙo a gefen ƙwaya. Bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba, amma a nan rai yake. A cikinsa akwai ɗan saiwa da ɗan ganye a naɗe, suna barci.

A cikin gari da ido akwai sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin. Shi ne irin abin da ke cikin nama da ƙwai da wake. A cikin kowane mudu goma na masara, kimanin mudu ɗaya furotin ne. Furotin ba iri ɗaya ba ne. Kamar mutanen gida ne, kowa da aikinsa. Ga huɗu da ya kamata manomi ya sani.

NA ƊAYA: FUROTIN NA GUZURI

Fiye da rabin furotin ɗin da ke cikin garin ƙwaya wani ne da masana ke kira zeyin. A cikin ido kuma akwai wani nasa daban. Aikinsu ajiya ne. In ƙwaya ta sha ruwa ta farka, sai ta narkar da su, ta gina saiwa da ganyen farko da su. Har sai masara ta yi ganye uku ko huɗu, galibi da wannan guzuri take rayuwa, domin saiwarta ba ta yi ƙarfin ciyar da ita ba.

Saboda haka ƙwaya cikakkiya takan saki saiwa da sauri, ta kai ga danshin ƙasa kafin saman ƙasa ya bushe. Ƙwaya motsattsiya, ko wadda ƙwaro ya huda, guzurinta yakan ƙare a hanya.

NA BIYU: FUROTIN MAI TSARON BUSHEWA

Ka yi tunani a kan wannan. In ka tsinke ganye ka shanya, ya mutu ke nan, ko ka mayar da shi cikin ruwa ba zai farfaɗo ba. Amma ƙwayar masara takan bushe ƙarau, ta yi wata takwas a rumbu, in ta sami ruwa ta tashi. Me ya sa?

A makonnin ƙarshe kafin masara ta nuna, idon ƙwaya yana tara wasu furotin na musamman. Masana suna kiransu LEA a taƙaice, ma'anar sunan kuwa ita ce furotin da ke yawaita a ƙarshen girman ƙwaya. A ƙwayar auduga aka fara gano su, a Amurka, a farkon shekarun 1980, daga baya aka same su a masara da alkama da shinkafa da sauran tsaba. Yayin da ruwa ke fita daga ƙwaya, su ne ke maye gurbinsa. Suna haɗuwa da sukarin da ke cikin ido, su daskare kamar alewa, su riƙe komai a wurinsa kada ya ruguje ko ya manne da juna. In ruwa ya dawo, sai alewar ta narke, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Akwai abu biyu da za ka riƙe game da su. Na farko, sai a ƙarshe ake tara su, don haka masarar da aka karya ba ta ƙosa ba, ba ta samu rabonta cikakke ba. Na biyu, da zarar ƙwaya ta sha ruwa, saiwa ta leƙo, wannan kariya ta tafi. Ƙwayar da ta fara tsiro in ta sake bushewa mutuwa take yi.

Amma shuka ba ta manta yadda ake yin su ba. In fari ya kama masara a gona, saiwa takan aika saƙo zuwa ganye. Sai ganye ya rufe ƙananan ƙofofin da ruwa ke fita ta cikinsu, ya naɗe, sa'an nan shukar ta sake ƙera 'yan'uwan waɗannan furotin a ganye da saiwa domin su tsare ta har ruwa ya dawo. Wani iri ya fi wani iya wannan aiki, kuma gado ne, daga uwa yake bi zuwa ƙwaya.

NA UKU: FUROTIN MAI TSARON ZAFI

In ka jefa ƙwai a tafasasshen ruwa, yakan daskare, kuma ba ya komawa yadda yake. Haka zafi ke yi wa furotin, dafa shi yake yi. Shuka tana da masu gadi a kan wannan. In zafi ya doshi digiri 40, cikin awa ɗaya ko biyu masara takan rage sauran ayyukanta ta shiga ƙera waɗannan masu gadi. Sukan rungume sauran furotin kada su dahu, waɗanda suka fara lalacewa kuma su gyara su. Ƙwaya ma tana ajiye wasu daga cikinsu tun tana jikin totuwa, domin ɗan tsiro ya same su a shirye in ya fito cikin ƙasa mai zafi.

Sai dai akwai wuri ɗaya da masu gadin nan ba su da ƙarfi. Garin furen da ke zubowa daga kan masara, wanda ke sauka a kan gemu ya sa ƙwaya ta ɗauru, in ya riga ya nuna ba ya iya ƙera su yadda ganye ke yi. Zafin da ya wuce digiri 35, musamman tare da busasshiyar iska, yakan kashe shi. Wannan shi ne dalilin da masarar rani da ta yi fure cikin tsakiyar bazara takan ba da goyo mai giɓi, ƙwaya nan da can.

NA HUƊU: FUROTIN NA LOKACIN AMBALIYA

Saiwa numfashi take yi kamar mutum. In ruwa ya kwanta a gona, iska ba ta shiga ƙasa. A shekarar 1980 masana a Amurka suka nuna cewa in aka hana saiwar ɗan tsiron masara iska, takan tsayar da aikinta na kullum, ta koma ƙera furotin kimanin iri 20 kawai. Da su take samun ɗan ƙarfi daga sukari ba tare da iska ba.

Wannan dabara ta ɗan lokaci ce. Ƙaramar masara in ruwa ya rufe ta, kwana biyu zuwa huɗu take iya jurewa, in ana zafi ma bai kai haka ba. Wadda ta wuce gwiwa, kanta yana waje, ta fi daɗewa, amma ita ma za ta yi rawaya ta tsumbure. Masara ba shinkafa ba ce. Furotin ɗin nan lokaci yake ba ka domin ka buɗe wa ruwa hanya.

Akwai kuma wasu furotin a cikin ƙwaya masu yaƙi da funfuna. Masana na Amurka tare da na cibiyar IITA da ke Ibadan sun lura cewa irin masarar da ke ƙin funfuna mai dafi yakan fi tara su, tare da masu tsaron bushewa da zafi. Masarar da fari ya wahalar lokacin cika ƙwaya ita ta fi kamuwa da wannan funfuna, kuma dafinta yana cutar da hantar mutum da dabba.

TO, MENE NE AIKIN MANOMI?

Manomi ba zai iya ƙara wa ƙwaya waɗannan abubuwa bayan girbi ba. Abin da zai iya shi ne ya bar uwa ta zuba su cikakku, sa'an nan ya tsare su har ranar shuka. Ga matakai shida.

MATAKI NA 1: KA CIYAR DA UWA

Da sinadarin naitirojin shuka ke gina furotin. Shi ne wanda ke cikin yuriya da NPK da takin dabbobi. Masarar da ta yi yunwa ƙwayarta ba ta cika. Ka ware wani yanki na gonarka domin iri, wurin da ruwa ba ya kwanciya. Ka zuba masa takin gargajiya ruɓaɓɓe kafin huɗa. Ka sa NPK cikin sati biyu na farko, yuriya kuma sati huɗu zuwa shida bayan shuka. Ka binne takin, kada ka watsa shi a sama, domin rana da ruwa za su tafi da shi. Ka yi noma a kan lokaci, ka cire wuta-wuta kafin ta yi fure. In noman rani ne, kada ka bari wannan yanki ya ji ƙishi daga fitar fure har ƙwaya ta yi tauri.

MATAKI NA 2: KA ZAƁI IRI TUN A GONA

Yawancinmu sai an tara masara a gida muke tsintar manyan goyo. Wannan bai isa ba, domin a tsibi ba ka ganin uwar. Wataƙila babban goyon nan daga bakin tsohon juji ya fito, inda ko wane iri zai yi kyau.

Ka shiga gona tun masara tana tsaye, musamman bayan an yi ɗan fari. Ka duba:

(a) wadda ganyenta bai yi saurin naɗewa ba, kuma ya buɗe da yamma;
(b) wadda gemunta ya fito kusan tare da furen kai, bai yi jinkiri ba;
(c) wadda ta tsaya da ƙafarta bayan iska da ruwa;
(d) wadda ɓawo ya rufe bakin goyonta sarai;
(e) wadda ba ta da alamar cuta ko tsutsa.

Ka ɗaura wa kowace ɗan ƙyalle. Ka zaɓa daga tsakiyar gona, ka bar na gefe, domin iska tana kawo garin fure daga gonar maƙwabci. Kada ka tsaya a goyo goma ko ashirin. Ka tara ɗari ko fiye. Iri daga uwaye kaɗan yakan raunana shekara bayan shekara.

MATAKI NA 3: KA BARI TA ƘOSA

Ga yadda ake gane masara ta gama cika. Ka ɓalle ƙwaya daga tsakiyar goyo, ka kankare ɗan tsinin da ke manne da totuwa. In ka ga baƙin tabo a wurin, uwa ta rufe ƙofa ke nan, ta gama ba ƙwaya duk abin da za ta ba ta. In babu baƙin tabo, ko ka danna da farce ruwa mai kama da madara ya fito, da saura.

A fadama mun san abin da ke faruwa. Labari ya zo cewa ruwa yana tafe, kowa ya ruga ya karye masararsa ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Babu laifi, gara a tsira da rabi da a rasa duka. Amma wannan masara ta ci ce ko ta sayarwa. Kada ka ajiye ta a matsayin iri in kana da wata hanya. Shi ya sa muka ce gonar iri a kan tudu za a yi ta, ko da 'yar kaɗan ce. In dole ta sa, ka yanke ta da kara, ka jingine a wuri mai iska inda ruwa ba zai kai ba, ta ƙarasa bushewa a hankali. Goyon da ruwan ambaliya ya taɓa ba ya zama iri.

MATAKI NA 4: KA BUSAR A HANKALI

Masara a lokacin baƙin tabo tana da ruwa kimanin kashi 30 cikin ɗari. Kafin a ajiye ta sai ya sauka zuwa kashi 12 ko 13. A nan ne manoma da yawa ke kashe irinsu ba su sani ba.

Ɗanyar ƙwaya ba ta jure zafin da ya wuce digiri 40 zuwa 43. Kwanon rufi da kwalta da baƙar leda da tsakar rana sun fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ka taka da ƙafa ba takalmi ka ji. Abin da ya ƙona ƙafarka ya dafa idon ƙwaya. Daga waje ba za ka ga komai ba, sai ranar da ka shuka.

Saboda haka:

1. Ka bar iri a jikin totuwa har ya bushe.
2. Ka shanya a kan tabarma ko zana ko rumfa, kada ka zube a ƙasa.
3. Ranar safe da ta yamma ta isa. Da tsakar rana ka ja shi inuwa mai iska.
4. Ka riƙa juyawa, da dare ka shigar ko ka rufe saboda raɓa.
5. In za ka rataye a ɗakin girki domin hayaƙi, ka nisanta shi da harshen wuta.

In ya bushe, ka murje da hannu. Kada ka zuba a buhu ka yi ta duka da sanda, domin ƙwaya takan tsage ta ciki, ido ya ji rauni. Ka ɗebi na tsakiyar goyo, ka bar ƙanana na baki, ka tsince masu huji da masu sauyin launi.

Gwajin gishiri: ka sami kwalba busasshiya mai murfi. Ka zuba masara kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai. Ka rufe, ka girgiza, ka ajiye kamar minti 15, ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, masara ba ta bushe ba. In bai manne ba, ta isa ajiya.

MATAKI NA 5: KA AJIYE A BUSHE, A SANYI

Ƙwaya a rumbu tana da rai, tana numfashi a hankali. Danshi da zafi su ke sa ta tsufa da wuri. In ta ja danshi, alewar nan da muka faɗa takan yi laushi, abin da take riƙe da shi ya fara lalacewa. Masanan iri suna da ƙa'ida: duk lokacin da aka rage ruwan ƙwaya da kashi ɗaya cikin ɗari, kwananta yakan kusan ninkawa, haka ma in aka rage zafin ma'aji da digiri 5.

Mu da ke kusa da ruwa sai mun fi kowa kula. Ka zuba irin a abin da iska ba ta shiga: jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba, ko duro mai murfi, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara kawowa domin ajiyar wake wajen 2007. Ka cika shi, ka ɗaure bakin tamau. Ƙwarin da ke ciki za su mutu don rashin iska. Amma fa sai masarar ta bushe, in ka rufe ɗanya ruɓewa za ta yi. Ka ɗora a kan katako ko duwatsu, nesa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi, wurin da ko ruwa ya shigo gida ba zai kai ba. Kada ka riƙa buɗewa. Ka rubuta sunan iri da shekara a jiki. In ka sa wa iri magani, ka raba shi da abinci, ka gaya wa uwargida da yara.

MATAKI NA 6: KA GWADA KAFIN KA SHUKA

Sati biyu kafin shuka, ka ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ba tare da zaɓe ba. Ka jera su layi goma-goma a cikin rairayi mai danshi, ko a cikin jiƙaƙƙen buhun algarara ka naɗe. Ka ajiye a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai ka ƙirga waɗanda suka fito da saiwa da ganye masu lafiya.

In 85 ko fiye suka tsiro, irinka yana da kyau.
In 70 zuwa 84 ne, ka ƙara ƙwaya ɗaya a kowane rami.
In bai kai 70 ba, ka nemi wani iri. Waɗanda suka tsiro ma sun raunana, fari kaɗan zai kayar da su.

Ƙwaya ɗari ba ta kai cikin tafin hannu biyu ba. Asarar shuka kuwa ta haɗa da kuɗin huɗa da taki da sati biyu na damina waɗanda ba sa dawowa.

RANAR SHUKA

Da damina: kada ka yi wa masara binne kamar gero, kuma kada ruwan farko ya ruɗe ka. Ka tuna, ƙwayar da ta farka ba ta komawa barci. In ɗan yayyafi ya tashe ta, sa'an nan aka yi kwana goma ba ruwa, ta tafi. Ka jira ruwa ya zauna, ka haƙa ka ga danshi ya kai tsawon tafin hannu. Zurfin rami kamar gaɓa biyu na yatsa, wato santimita 4 zuwa 5. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25 in tsiro ɗaya za ka bari, ko 50 in biyu ne. Hekta ɗaya tana cin iri kilo 20 zuwa 25.

A ƙasar laka: ka shuka a kan kunya, ka fitar da magudanar ruwa tun kafin a fara ruwa sosai. Wurin da ka san ruwa yana kwana fiye da uku duk shekara, ka bar wa shinkafa.

Da rani: ka lissafa kwanaki. Masara takan yi fure wajen wata biyu bayan shuka, sanyin hunturu yakan ƙara mata kwanaki. Ka yi ƙoƙari ka shuka da wuri bayan janyewar ruwa, domin fure ya wuce kafin zafin ƙarshen Maris da Afrilu. In ka makara, to kada ka bari ƙasa ta bushe a makonnin fure. Masarar da ta ƙoshi da ruwa tana sanyaya jikinta da kanta.

Jiƙa iri: in ƙasa tana da danshi kuma ka tabbata gobe za ka yi shuka, kana iya jiƙa iri cikin ruwa mai tsabta daga magariba zuwa safiya. Ka tsane, ka baza a inuwa ya sha iska, ka shuka a ranar. Yakan fito da wuri da kwana ɗaya ko biyu, kuma a tare. Kada ya wuce dare ɗaya. Kada ka zuba jiƙaƙƙen iri a busasshiyar ƙasa. Kada ka jiƙa irin da aka riga aka shafa wa magani.

INGANTACCEN IRI

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tare da IITA, sun daɗe suna zaɓen masara mai jure fari da wuta-wuta, suna fitar da ita da sunan SAMMAZ da lamba. SAMMAZ 15 tana jure wuta-wuta. SAMMAZ 27 mai saurin nuna ce, tana kuma jure fari. Akwai masu nuna cikin kwana 80 zuwa 95, waɗanda suka fi dacewa da gajeriyar daminarmu, kuma sukan iya nuna kafin ruwan kogi ya cika. SAMMAZ 14 kuwa, wadda asalinta daga Gana ne, furotin ɗinta ya fi amfani ga jikin yara da masu shayarwa. Wannan domin abinci ne, bai sa ta fi sauran jure fari ba.

Ka lura da bambanci. Iri mai aure, wanda kamfani ke haɗa uwa da uba daban, shekara ɗaya yake yi. In ka ajiye 'ya'yansa ka shuka, gona za ta fito gauraye, amfani ya ragu. Shi sai sabo duk shekara. Iri marar aure kuwa kana iya ajiyewa shekara biyu ko uku in ka bi matakan da ke sama, sa'an nan ka sabunta. Ka sayi iri a buhu rufaffe mai takardar shaida, kada ka sayi masarar kasuwa da aka shafa wa launi. Ko ingantacce ne, ka yi masa gwajin ƙwaya ɗari, domin buhun da ya sha rana a shago shi ma yakan mutu.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Gonar iri a tudu, da taki, da noma a kan lokaci.
2. Zaɓe tun masara tana tsaye, goyo ɗari ko fiye, daga tsakiyar gona.
3. Sai an ga baƙin tabo.
4. Ban da kwano, ban da kwalta, ban da duka.
5. Gwajin gishiri kafin ajiya.
6. Gwajin ƙwaya ɗari kafin shuka.
7. A jira ruwa ya zauna, a buɗe wa ruwa hanya.

Domin ƙarin bayani, da sanin irin da ya dace da gonarka, ka tuntuɓi malamin gona na hukumar JARDA da ke yankinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, amin.